In Na Kira, Za Ka Amsa? Zaman Miji da Mata Sa'ad da 'Ya'ya Suke Ƙaruwa

Jawabin da ma'aikatanmu masu kula da iyali suka gabatar a taron ma'aurata na ikilisiyoyin ƙauyukan Gwarzo da Kabo. Mun buga shi a nan domin waɗanda ba su sami zuwa ba.

Mun san waɗansunku sun taso tun da asuba, waɗansu a babur, waɗansu a ƙasa, ga dawa tana jiran yanka a gona. Allah ya sa zaman nan ya biya ku wahalarku.

Kun saba ganinmu da zancen rijiya, da irin shuka, da awakin rance, da rigakafin yara. Wataƙila wani zai ce, me ya kai masu rijiya shiga tsakanin miji da mata? Ga dalili. A yawon da muke yi cikin ƙauyukanku, mukan ga gida biyu sun karɓi taimako iri ɗaya a rana ɗaya. Bayan shekara biyu, a gida ɗaya akuya ta hayayyafa. A ɗayan kuwa an sayar da ita, matar ba ta san ranar da aka kai ta kasuwa ba, mijin kuma bai san matarsa tana zuba adashi ba. Sau da yawa abin da ya bambanta gidajen nan shi ne ko mutanen nan biyu suna iya gaya wa juna abin da yake damunsu. Mun kuma lura yawancin gidajen da magana ta ƙare a cikinsu ba haka suka fara ba. Maganar ta riƙa raguwa ne kaɗan kaɗan sa'ad da 'ya'ya suke ƙaruwa.

Wani dare da kowa ya sani

A ce gida ne mai 'ya'ya biyar, na ƙarshe yana goye. Maigida ya dawo daga gona bayan faɗuwar rana, a gajiye, yana lissafin kuɗin makaranta da bashin taki. Jikin jariri ya yi zafi tun da rana, uwar kuma ba ta runtsa ba daren jiya. Yana zama sai ta ce, "Kai dai ba ruwanka da mu. Ko yaron nan zai mutu ba za ka sani ba." Bai ce mata kome ba. Ya yi loma biyu, ya ɗauki rediyonsa, ya fita dandali, bai dawo ba sai da kowa ya kwanta.

In kuka tambaye ta za ta ce, na gaya masa ɗansa ba lafiya, ya tashi ya fita. In kuka tambaye shi zai ce, ba ni da ko sisi a aljihu, in na zauna me zan ce mata? Na fita ne kada in faɗi abin da zan yi da-na-sani. Wataƙila ma rancen kuɗin magani ya je nema a dandalin, bai dai faɗa mata ba.

Babu maƙaryaci a cikinsu. Ita tana tsoron kada a bar ta da kayan nan ita kaɗai. Shi kuma yana tsoron kada a ga ya kāsa riƙe gidansa. Tsoronta yana fitowa ta faɗa, nasa yana fitowa ta shiru. Faɗanta yana ƙara masa shiru, shirunsa yana ƙara mata faɗa. A ƙarƙashin maganarta akwai tambayar da ba ta yi ba: in na kira ka ranar wahala, za ka amsa? A kan wannan tambaya za mu yi magana yau.

Abin da ake kira shaƙuwa

Wani likita a Ingila mai suna John Bowlby ya yi aiki da yaran da aka raba su da iyayensu. A 1951 ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto, inda ya nuna abinci da tufafi kaɗai ba sa isar yaro. Yana bukatar wani mutum da ya tabbata zai zo in ya yi kuka.

Wata abokiyar aikinsa, Mary Ainsworth, ta zo Afirka ta ga abin da idonta. A 1954 da 1955 ta riƙa shiga gidaje 26 a ƙauyukan da ke kusa da Kampala, a ƙasar Yuganda. Kowane mako biyu takan zo da tafinta, ta zauna wajen awa biyu tana kallon uwa da jariri, tana yin tambayoyi. Ta ga abin da kowace kaka a nan ta sani. Yaro mai rarrafe yakan bar uwarsa ya tafi wasa, ya waiwayo, in ya gan ta ya ci gaba. In wani abu ya firgita shi ya dawo da gudu, ta ɗauke shi, ya yi shiru, ya sāke sauka. Yaran da ake amsa musu da wuri su ne suka fi ƙarancin kuka, su ne kuma suka fi sakin jiki su yi nisa.

A 1987 waɗansu malamai biyu a Amurka, Cindy Hazan da Phillip Shaver, suka ce wannan bukata ba ta ƙarewa da yaye. Babba ma yana da wanda yake waiwaya, yawanci kuwa mijinta ne ko matarsa. Suka sa tambayoyi a wata jarida a birnin Denver, mutane suka aiko da amsa. Suka ga hali iri uku:

• Mai kwanciyar rai. Yana iya neman taimako, yana iya bayarwa. Saɓani ba ya sa shi tunanin aure ya ƙare. Su ne wajen 56 cikin 100.

• Mai janyewa. In abu ya yi zafi yakan yi shiru, ya ja jiki, ya ce zai ji da abinsa shi kaɗai. Wajen 25 cikin 100.

• Mai fargaba. Kullum yana tsoron za a bar shi, yakan yi ta bibiya da tambaya da ƙorafi. Wajen 19 cikin 100.

Wannan lissafin masu karanta jarida ne a Amurka, ba namu ba ne. Amma halayen uku mun san su. Kada kuma kowa ya ɗauka fargaba ta mata ce, janyewa ta maza. Akwai mijin da ke bin matarsa da zargi, akwai matar da ke kulle bakinta mako guda. Ba kuwa tsagar fuska ba ce da ba ta gogewa. Mutum yakan koyi halin nan tun yana yaro, a gidan da ya tashi, kuma zama da wanda yake amsa masa yakan canja shi a hankali.

Bincike na zama a saurara

Bincike iri biyu ne. Akwai na ƙidaya, wanda yake gaya mana mutum nawa cikin ɗari. Akwai kuma na zama a saurara, inda mai bincike yakan shimfiɗa tabarma da mutane kaɗan, ya bar su su ba da labarinsu da bakinsu. Na biyun ne yake nuna dalilin da ya sa mutum ya yi abin da ya yi. An yi irinsa a nan kusa da mu.

Tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna a Giwa, ƙasar Zazzau, da wata tsohuwa da ake kira Baba. Mutuniyar Karo ce, wajen Zarewa, wadda yau take cikin ƙaramar hukumar Rogo. Ta ba da labarin rayuwarta da Hausa, aka buga shi da Turanci a 1954. Baba ta yi aure huɗu, ba ta haihu ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi. Ta yi bayanin kunyar ɗan fari, da zuwa gida wanka, da yadda mai shayarwa takan nisanci shimfiɗar miji har ta yaye. Mai karanta labarinta zai ga cewa a zamaninta mace ba ta jingina da miji kaɗai ba. Tana da uwa, da gwaggo, da ƙawa, da 'yan'uwa maza, kowa da abin da yake ɗauke mata.

A 1977 kuma Robert Marvin da abokan aikinsa, cikinsu har da Robert LeVine da Sarah LeVine, suka buga abin da suka gani game da jarirai 18 a wani garin Hausawa. Kowane jariri yana da masu kula da shi wajen huɗu, ya kuma shaƙu da fiye da ɗaya. Amma akwai wadda ya fi nema in ya tsorata, yawanci kuwa ita ce wadda ta fi ɗaukarsa, ta fi kula shi.

Abu biyu muka koya a nan. Na ɗaya, kunya ba rashin ƙauna ba ce. Uwar da ba ta kiran sunan ɗan farinta tana iya kwana a zaune saboda shi. Haka ma mijin da ba ya iya faɗar maganar soyayya a gaban mutane. Ba mu zo mu ce ku riƙa yin abin da ake yi a fim ba. Na biyu, zuciya tana jingina ga wanda yake amsawa. Suna kaɗai, ko na uwa ko na miji, ba ya sa a jingina da mutum.

Sai dai zamanin Baba ya wuce. Gandu yana watsewa, 'yan'uwa sun tafi birni, ƙawa ta yi aure nesa. Mu kuma mun tsaya gaban jama'a mun yi alkawarin mace ɗaya, miji ɗaya, har mutuwa. Kayan da mutum biyar suke ɗauka dā, yanzu yawancinsa ya dawo kan mutum biyu.

Abin da haihuwa take yi wa aure

A Kalifoniya wani miji da matarsa, Philip da Carolyn Cowan, sun bi ma'aurata 96 shekara da shekaru, 72 daga cikinsu tun suna da cikin fari. Sun buga littafinsu a 1992. Sukan ba kowa takarda mai da'ira kamar faifai, su ce ya raba ta bisa ga yadda yake jin kansa: nawa ne na uwa ko uba, nawa ne na aiki, nawa ne na abokin zaman aure. Bayan haihuwa, kason uwa da uba ya ƙaru, kason abokin zama ya tsuke, ya fi tsukewa kuma a wajen mata. Abin da ya fi jawo musu faɗa shi ne wa zai yi wane aiki.

Suka gwada wani abu. Suka haɗa waɗansu ma'auratan huɗu huɗu, suna zama sau ɗaya a mako har wata shida, daga ƙarshen ciki zuwa bayan haihuwa, suna faɗar abin da suke fama da shi. Har yaran suka kai shekara uku babu auren da ya mutu cikin masu zaman nan, alhali cikin waɗanda ba su yi ba wajen 15 cikin 100 sun rabu. Daga baya waɗansun masu zaman ma sun rabu, gama taron wata shida ba zai riƙe mutum har tsufa ba. Duk da haka ya nuna magana kaɗai, a gaban waɗanda suke cikin hali iri ɗaya, tana da amfani.

A 2001 Steven Rholes da Jeffry Simpson da abokan aikinsu suka tambayi ma'aurata mako shida kafin haihuwa, da wata shida bayanta. Matan da suke da yawan fargaba, in sun ga miji ba ya tallafa musu, jin daɗin aurensu yakan faɗi ƙwarai. Waɗanda suka ga yana tallafawa kuwa, ba su shiga wannan hali ba.

Kada wani ya ce ashe 'ya'ya ne suke ɓata aure. A ƙasashen Turawa bincike da yawa ya nuna jin daɗin aure yana raguwa da yawan 'ya'ya. Amma a 2012 Ike Onyishi na Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka, shi da abokan aikinsa, sun tarar da akasin haka a cikin Inyamurai: masu 'ya'ya da yawa sun fi cewa suna jin daɗin aurensu. Inda ake ɗaukar ɗa a matsayin albarka, yawan 'ya'ya ba shi ne abokin gāba ba. Matsalar ita ce a manta da juna a cikin hidimarsu. Ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna mace a Arewa maso Yamma takan haifi 'ya'ya shida zuwa bakwai. Ashe abin da Bature yake shiga sau biyu, mu muna shigarsa sau shida ko fiye, shekara ashirin a jere.

A Kano da Jigawa, Chimaraoke Izugbara da Alex Ezeh sun zauna da mata suna saurarensu, suka buga abin da suka ji a 2010. Mata da yawa sun ce suna yawan haihuwa ne domin su riƙe aurensu, kada miji ya sake su ko ya ƙaro wata. Ko da yake aurenmu na mace ɗaya ne, wannan tsoro bai tsaya a ƙofar majami'a ba. Akwai 'yar'uwa a cikinmu da take ɗaukar ciki jikinta bai huta ba, don tana tsoron in ta ce a dakata zai duba waje. A shekarar kuma Zubairu Iliyasu na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa sun tambayi magidanta 389 a Ungogo. Wajen 32 cikin 100 ne kaɗai suka taɓa raka matansu asibiti don awon ciki ko haihuwa, waɗanda suka tanadi kuɗin ko-ta-kwana kuwa ba su kai 20 cikin 100 ba. Yawancin mazan nan ba mugaye ba ne. An koya musu cewa haihuwa sha'anin mata ne. Amma mai naƙuda ba ta mantawa da wanda ya tsaya mata da wanda bai tsaya ba.

Lokatai huɗu da ake gwada mu

Jego. Ta tafi gida wanka, ko kuwa uwar miji da ungozoma sun cika ɗakin. Miji ya zama baƙo a gidansa. Yana ganin an ture shi, tana ganin ya ɓace. In arba'in ta wuce ba wanda ya ce wa ɗan'uwansa na yi kewarka, ratar takan zauna.

Kwanika. Wani yana nono, wani yana ciki. Jikinta ya gaji, tana gudun shimfiɗa don tsoron wani cikin, shi kuma yana ɗauka ƙinsa take yi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawara a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a ɗauki wani ciki. Wannan magana ce ta mutum biyu, amma a gidaje da yawa ba a taɓa yin ta ba ko sau ɗaya.

Ci-rani. An gama girbi, maigida ya hau mota zuwa Kano, ko Kaduna, ko Abuja, ko Legas. Don gidan ya tafi. Amma in mako uku ya wuce babu kira, ita ba ta san katin waya ne babu ba, ko kuwa mantawa ya yi. Shi ma yana jin nauyin kira hannu wofi.

Ciwo da rashi. Gidaje da yawa a nan sun binne yaro. Ita tana so a ambaci sunansa, shi ba ya iya jin sunan. Ta ce bai damu ba, alhali kuwa a gona yake nasa kukan, inda ba mai ganinsa.

Abin da za mu iya yi

Ga maza:

• In ta yi maka magana da zafi, saurari tsoron da ke ƙarƙashinta kafin ka auna kalmomin. Ba dole sai kana da kuɗi za ka amsa ba. "Na ji. Mu ga jikin nasa," amsa ce.

• In dole ka fita don ranka ya ɓaci, faɗi inda za ka da lokacin da za ka dawo. Ka kuwa dawo a lokacin, ka ɗauko maganar da kanka.

• Tun ciki yana ƙarami ku ware kuɗin mota da na asibiti, ku san mai babur ko mai motar da za a tasa da dare. Raka ta awo ko sau ɗaya ne.

• Ɗauki jaririn. Karɓi yaron da ke kuka ta samu ta ci abinci da zafinsa. Jarkar ruwa biyu a bayan keke ba ta rage wa namiji daraja.

• In kana ci-rani, ku sa ranar kira, ka kira ko ba ka da abin aikowa.

Ga mata:

• Faɗi abin da kike bukata kai tsaye. "Baban yara, ina jin tsoro, zauna da ni," ya fi saurin shiga kunne da "kai kullum haka kake."

• Zaɓi lokaci. Bar shi ya sha ruwa ya huta, kada kuma a yi a gaban yara ko surukai.

• In ya yi ƙoƙari, ko kaɗan ne, nuna kin gani. Mai janyewa yakan matso in ya ga ba a ƙirga shi cikin kāsassu ba.

• Tambaye shi abin da yake damunsa, ki ba shi lokaci. Wanda bai saba faɗa ba, ba ya faɗa a tambayar farko.

Ga ku biyu:

• Ku sami ɗan lokaci a mako wanda naku ne, ko a hanyar dawowa daga sujada, ko bayan yara sun yi barci. Kada duka ya ƙare a lissafi.

• Ku zana faifan nan a ƙasa da tsinke, kowa ya raba nasa, ku duba kason da ya rage wa juna. Ba don a yi shari'a ba, don a gani ne.

• Ku buɗe wa juna rumbu da aljihu. Bashin da aka ɓoye yakan fito a ranar da ba a shirya ba.

• Harshe da haƙori ma suna saɓawa. Ku koyi komawa bayan faɗa kafin abin ya kwana biyu. Yara suna kallo, a nan ne suke koyon yadda za su riƙe nasu gidajen.

Ga surukai da ikilisiya:

• Iyaye mata, taimakonku a jego ba shi da tamka. Amma ku bar wa miji wuri a ɗakin. Ku miƙa masa jaririn, kada ku kore shi.

• Muna koya wa matasa kafin aure, sa'an nan mu bar su. Lokacin da suka fi bukatarmu shi ne bayan haihuwar fari, da kuma sa'ad da yara suka kai uku ko huɗu.

• Kowace ikilisiya tana iya haɗa ma'aurata huɗu ko biyar, da dattijo da matarsa masu riƙe asiri, su riƙa zama ko sau biyu a wata. Ba ya cin kuɗi. Dokarsa ita ce abin da aka faɗa a wurin ya tsaya a wurin.

Gargaɗi biyu

Duk abin da muka faɗa game da saɓani ne na yau da kullum. Duka, da barazana, da hana abinci ko hana zuwa asibiti, da shan da ke cinye hatsin gida, ba su cikin wannan. Kada kowa ya ce wa wadda ake duka ta gyara bakinta. A fara tsare lafiyarta da ta yara, dattawa su tsaya da gaske, in abin ya ƙi a kai ga hukuma.

Na biyu, akwai baƙin cikin bayan haihuwa wanda ciwo ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa yana kama kusan mace ɗaya cikin biyar. In mai jego ta wuce mako biyu tana kuka ba dalili, ba ta barci ko jariri ya yi barci, ba ta son abinci, ko tana zancen mutuwa, kada a ce raki ne ko rashin bangaskiya. A yi mata addu'a, a kuma kai ta asibiti. In ta ambaci cutar da kanta ko jaririn, a kai ta a ranar, kada a bar ta ita kaɗai.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Sa'ad da kake yaro, in ka tsorata wurin wa kake gudu? Me yake yi maka?

2. In ranka ya ɓaci a gida, bi kake yi da magana ko janyewa? Abokin zamanka fa?

3. Cikin lokatai huɗun nan, wanne ya fi yi wa aurenku nauyi? Wa ya taimake ku?

4. A al'adarmu, ta waɗanne hanyoyi miji da mata suke nuna kulawa ba tare da an keta kunya ba?

5. Waɗanne ma'aurata ne a ikilisiyarmu suke jiran haihuwa a bana? Wa zai ziyarce su bayan arba'in?

'Yan'uwa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ba za mu tambayi kowa abin da ke cikin ɗakinsa ba. Roƙonmu ɗaya ne. Kafin Lahadi mai zuwa, kowa ya tambayi abokin zamansa, "Akwai ranar da ka kira ni ban amsa ba?" ko "Akwai ranar da kika kira ni ban amsa ba?" Sa'an nan ya yi shiru ya ji amsar har ƙarshe, kada ya kāre kansa. In mun dawo zagaye bayan girbi, za mu so mu ji ikilisiyoyin da suka fara zaman ma'aurata, da abin da ya yi musu wuya.

Allah ya albarkaci gidajenku, ya raya mana 'ya'yanmu, ya kai kowa gida lafiya. Amin.